Gidan yayana yana jingine a banki, wani ya ce zai biya bashin idan aka rubuta masa takardar sayarwa

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar banki da ta shari'a a wannan zaure, domin maganar ta shafi gidan da yayana yake zaune da iyalinsa da mahaifiyarmu. Yayan nawa ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma a shekarar 2022 ya karɓi bashi a wani bankin kasuwanci domin ya ƙara jari, ya ajiye takardar gidansa da ke Hotoro a matsayin jingina. Gidan yana da takardar shaidar mallaka ta gwamnati, wadda aka fi sani da C of O. A shekarar farko bai taɓa fashin biya ba, amma tun da darajar Naira ta faɗi a tsakiyar 2023 kuɗin kaya ya ninka, ciniki ya ja baya, bankin kuma ya riƙa aiko da sanarwar ƙarin kuɗin ruwa, har abin da ake cira a wata ya fi ƙarfin shagon. Yanzu abin da ake bin sa ya kai kimanin Naira miliyan 14, alhali dillalai sun ce gidan ba zai gaza miliyan 60 ba, kuma an aiko masa da wasiƙa cewa idan bai biya ba za a sa gidan a kasuwa.

Tun da labarin ya fita mutum biyu suka same shi. Na farko ya ce shi wakili ne mai sasanta basussuka, yana da mutane a hedkwatar bankin, kuma idan aka ba shi Naira dubu 700 zai sa a yafe rabin kuɗin ruwan, amma da sharaɗin yaya ya daina zuwa bankin, ya daina ɗaukar wayarsu, duk abin da zai biya ya riƙa bi ta hannunsa. Na biyun wani Alhaji ne da dillali ya kawo. Shi ya ce zai biya bankin miliyan 14 ɗin gaba ɗaya ya karɓo takardar gidan, yaya ya sa masa hannu a takardar sayarwa da takardar wakilci, wai don cika ƙa'ida kawai, ya ci gaba da zama a gidan yana biyan ɗan kuɗin haya, bayan shekara ɗaya ya kawo miliyan 20 ya karɓi abinsa. Yaya ya fi karkata ga na biyun, saboda ya ce aƙalla babu ruwan banki a ciki, kuma maƙwabta ba za su ga an zo an rubuta wa gidansa jan fenti ba. Ni hankalina bai kwanta ba. Shin akwai wanda ya san yadda irin wannan yarjejeniya take ƙarewa, kuma shin akwai wani nau'in bashin gida mai sauƙi da zai iya komawa kansa?

Baba Mai Ritaya ya amsa:

Wa'alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yaye wa yayanka, ya kuma saka maka da ka tsaya ka tambaya kafin a sa hannu. Na yi aikin banki a sashen ba da bashi har na ajiye aiki, saboda haka bari in fara da na farkon, domin maganarsa ba ta da tsawo: ɗan damfara ne. Babu wani ma'aikaci ɗaya da zai iya yafe kuɗin ruwa a ɓoye. Rangwame yana bi ta kwamiti ne, ana rubuta shi a kan takardar banki mai hatimi, kuma ba a biyan ko kwabo a asusun wani mutum kafin a same shi. Babbar alamar da ta tona masa asiri ita ce cewar da ya yi a daina magana da bankin. Yana so ne a yanke hulɗa da wurin da kaɗai za a gane ƙarya yake yi, kuma a watannin da yayanka zai yi yana jira, bashin yana hauhawa, bankin kuma yana rubutawa a fayil cewa mai bashi ya ɓuya, wanda shi ne abin da ya fi saurin kai gida gwanjo.

Game da nau'o'in bashi, ya kamata a gane cewa abin da yayanka ya karɓa ba bashin sayen gida ba ne. Bashin kasuwanci ne na gajeren wa'adi da aka ɗaura wa gida, kuma kusan duk irinsa kuɗin ruwansa ba tsayayye ba ne, akwai layi a takardar tayin bashin da ya ba banki damar canza shi idan yanayin kasuwar kuɗi ya canza. A farkon 2022 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya yana kan kashi 11.5 cikin 100, zuwa ƙarshen 2024 ya kai kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuwa a saman wannan suke ɗora nasu. Ga lissafi domin a ga nauyin abin: wanda ake bi miliyan 10 a kan kashi 30 cikin 100 a shekara, kuɗin ruwa kaɗai Naira dubu 250 ne a wata, tun bai taɓa uwar kuɗin ba. Ɗan kasuwar da ke sayar da atamfa da shadda a kan ƙaramar riba ba zai iya ɗaukar wannan ba, komai ƙoƙarinsa, kuma ina faɗin haka ne domin kada dangi su ɗauka sakaci ya yi.

Bashin gida na ainihi a ƙasar nan shi ne na Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, wanda aka kafa da doka a 1992, yake kuma ƙarƙashin Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN. Ma'aikaci yana zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa, mai sana'ar kansa ma yana iya yin rajista, kuma bayan wata shida ana zubi mutum yana iya nema ta hannun ɗaya daga cikin bankunan lamunin gidaje. Kuɗin ruwansa kashi 6 ne cikin 100, wa'adinsa yana iya kaiwa shekara 30, saboda haka wancan miliyan 10 ɗin a nan kimanin Naira dubu 60 ne a wata. Akwai kuma tsarin da mutum zai shiga gida a matsayin ɗan haya, kuɗin hayar yana taruwa har gidan ya zama nasa, sannan tun 2022 hukumar fansho ta ƙasa ta ba masu asusun fansho a ƙarƙashinta damar cire har kashi 25 cikin 100 na ajiyarsu domin biyan kafin alƙalamin bashin gida. Amma kada in sa maka rai a banza. Waɗannan an yi su ne domin saye ko gini ko gyaran gida, ba domin biyan bashin kasuwanci ba, suna ɗaukar lokaci mai tsawo, kuma wanda sunansa ya riga ya shiga kundin masu riƙe bashi da bankuna ke dubawa, da wuya wani banki ya buɗe masa ƙofa. Duk wanda ya zo ya ce zai samo wa yayanka bashin NHF a mako biyu idan aka ba shi kuɗin fom, ɗan'uwan na farkon ne.

Abin da nake ganin ya dace shi ne yayanka ya shirya ya tafi bankin da ƙafarsa, kai ma ka raka shi. Ya nemi cikakken bayanin asusun tun ranar da aka ba shi bashin, a ba wani akanta ya duba, domin ba sau ɗaya ba na ga an ɗora tara a kan tara ko an ciri kuɗin da ba ya cikin yarjejeniya. Sannan ya rubuta wasiƙa, ba magana da baki ba, yana neman a sake tsara bashin: a tsawaita wa'adi, a yafe tarar jinkiri, ko a faɗa masa adadin da za su karɓa a dunƙule su rufe fayil. Ya tabbatar an buga masa hatimin karɓa a kwafinsa. Mutane ba su sani ba, banki ba ya son gwanjon gida, domin akwai kuɗin lauya da na mai gwanjo da jan ƙafar kotu, kuma bashin da ya lalace yana tilasta wa banki ware kuɗi a gefe saboda shi. Wanda ya zo da wani abu a hannu, ko da miliyan 3 ne da dangi suka haɗa, ya ce ga wannan, ga kuma yadda zan biya saura, ana sauraronsa fiye da yadda ake zato. Idan kuma aka gano an cire masa kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, bankin ya ƙi gyarawa, akwai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa a Babban Bankin Najeriya da ake kai ƙorafi kyauta.

Barista Ummu Sadiƙ ta amsa:

Baba ya gama magana a kan na farko, ni kuma na biyun ne ya fi tayar mini da hankali, domin na farko dubu 700 zai ci, na biyu kuwa gidan gaba ɗaya yake nema. Malam, ka roƙi yayanka don Allah kada ya sa hannu a kan komai. Kotu takarda take karantawa, kuma takardar da za a miƙa mata za ta ce wane ya sayar wa wane gidansa a kan miliyan 14, ya karɓi kuɗinsa cif, ga sa hannunsa, ga na shaidu. Maganar cewa zai fanshi gidan bayan shekara yawanci da baki ake yin ta, ko a rubuta ta a wata 'yar takarda dabam wadda aka cika da sharuɗɗa, misali cewa jinkirin hayar wata ɗaya ya soke damar fansa. Takardar wakilcin kuwa ita ce mafi haɗari, domin irin wadda ake rubutawa a wannan harka ba a janye ta, kuma tana ba shi ikon ya sayar, ya jinginar, ya sa hannu da sunan yayanka a ma'aikatar ƙasa ba tare da ya sake neman sa ba.

Na taɓa zama da wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar ta da irin wannan yarjejeniya. Ta zo ofis da wata baƙar leda, a ciki akwai rasit goma sha ɗaya na kuɗin da marigayin ya riƙa biya yana ɗauka rage bashi yake yi, ta shimfiɗa su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya tana lallashe su da tafin hannu saboda sun yamutse. Kowane ɗaya an rubuta masa "kuɗin haya". Waɗannan takardu da ta adana a matsayin hujjarta su ne suka zama hujjar abokin shari'arta cewa mijinta ɗan haya ne a gidan da ya gina da guminsa. Gaskiya ne akwai ƙa'ida a shari'a cewa abin da asalinsa jingina ne yana nan a jingina ko da an sa masa rigar ciniki, kuma kotu tana iya duba tazarar da ke tsakanin kuɗin da aka biya da darajar gidan, amma nauyin tabbatar da haka yana wuyan wanda ya sa hannu, shari'ar tana cin shekaru, kuma idan an riga an sayar wa mutum na uku da bai san komai ba, lamarin ya ƙara cakuɗewa.

Yanzu a kwatanta da matsayinsa a hannun banki, wanda yake ganin shi ne mafi muni. Muddin bankin bai ƙulla cinikin sayarwa da wani ba, yana da haƙƙin ya biya abin da ake bin sa ya karɓi takardarsa, kuma babu sharaɗin da zai ƙwace masa wannan haƙƙi. Idan ma an sayar, banki bashinsa da kuɗin ɗawainiyar sayarwa kawai zai cira, ragowar ta mai gida ce. Wato ko da an karyar da gidan a miliyan 45, yayanka zai tashi da abin da zai sayi wani gida a Naibawa ko Dorayi. A hannun Alhajin kuwa ba zai tashi da komai ba. Akwai kuma tambayar da lauya zai fara yi, wato wace irin jingina aka yi. Idan an rubuta cikakkiyar takardar jingina, aka samu amincewar gwamna kamar yadda sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya tanada, aka yi mata rajista, to bankin yana iya sayarwa ba tare da zuwa kotu ba bayan ya cika sharuɗɗan sanarwa. Idan kuwa takardar gidan kawai aka ajiye musu, sai sun nemi umarnin kotu, wanda yake ƙara wa mai gida lokacin neman mafita. Binciken fayil ɗin gidan a ma'aikatar ƙasa da hukumar KANGIS, mai adana bayanan filayen Jihar Kano, zai nuna abin da aka yi wa rajista.

Zan ƙara gargaɗi ɗaya wanda ya shafi 'yan sana'ata. Za a iya samun wanda zai ce a ba shi kuɗi ya samo umarnin kotu da zai hana bankin taɓa gidan har abada, ko ya kawo hukuncin Kotun Ƙoli na 1989 a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, inda aka soke jingina saboda rashin amincewar gwamna. Kada a gina fata a kan wannan. Kotuna ba sa son hana mai bin bashi sayar da jingina sai an ajiye kuɗin da ake bi, ko an nuna maguɗi a fili, kuma kuɗin ruwa ba ya tsayawa saboda ana shari'a. Lauyan kirki zai fi amfani a teburin sasanci, kuma a nan Kano akwai cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Jiha da aka kafa domin irin wannan. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya tuntuɓar ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa.

Almajirin Madabo ya amsa:

Allah ya saka wa Baba da Barista da alheri. Abin da ya sa na sa baki shi ne maganar da mai tambaya ya kawo cewa yayansa yana ganin tayin Alhajin ba shi da ruwa. Wannan kuskure ne da ya yaɗu a garin nan, kuma masu wannan sana'a da shi suke farautar mutanen kirki masu gudun riba. Wanda ya ba ka 14 ya ce ka dawo masa da 20 bayan shekara, ya kuma karɓi haya a tsakani, ribar da ya ci ta fi ta bankin, sunan kawai ya canza. Miliyan 6 a kan 14 ya haura kashi 40 cikin 100, ban da hayar.

Jingina a kanta halal ce. Alƙur'ani ya ambace ta a aya ta 283 ta Suratul Baƙara, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Amma jingina amana ce ta tabbatar da bashi, ba hanyar mallaka ba ce. Imamu Malik ya kawo hadisi a Muwaɗɗa cewa ba a kulle jingina, ya kuma fassara shi da mutumin da zai jinginar da abin da ya fi bashin daraja, a ce idan bai biya ba zuwa wa'adi kaza abin ya zama na mai bin bashi. Ya ce wannan bai halatta ba, sharaɗin ɓatacce ne. Shi kuma cinikin da ake sharɗanta cewa idan mai sayarwa ya dawo da kuɗi za a mayar masa da kayansa, malamanmu na Malikiyya suna kiran sa bai'us sunya, kuma sun hana shi idan sharaɗin yana cikin ƙulla cinikin, domin bashi ne da ya jawo amfani aka lulluɓe shi da sunan ciniki. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke Jidda ta yanke irin wannan hukunci a 1992. Saboda haka duk wanda ya zo da carbi a hannu ya ce taimako yake yi, a tambaye shi dalilin da ya sa taimakon yake buƙatar takardar sayarwa.

Ina da ɗan saɓani da Baba a wuri ɗaya, cikin girmamawa. Ya ambaci bashin kashi 6 a matsayin mai sauƙi, kuma ta fuskar lissafi haka ne, amma da yawa daga cikinmu ba ƙanƙantar ruwan ce damuwarmu ba, kasancewarsa ne. Ga masu karatu da ba su riga sun shiga ba, akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa: Jaiz ya fara aiki a 2012 kuma Kano tana cikin rassansa na farko, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021. A tsarin murabaha banki yana sayen abu ya sayar maka da riba sananniya wadda ba ta ƙaruwa bayan an ƙulla, a ijara yana ba ka haya har mallaka ta dawo gare ka, a musharaka mai raguwa kuna tarayya a gidan kana sayen kasonsa sannu a hankali. Sai dai kada a ɗauka sadaka suke rabawa. Su ma suna karɓar jingina, suna iya sayar da ita idan an gaza biya, kuma a wasu lokutan jimillar abin da za ka biya ba ta da nisa da ta sauran bankuna.

Ga dangi kuma ina da magana. Wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba cewa ana ba su zakka, kuma malamai sun yi bayanin sharuɗɗan hakan, har da tuba ga wanda ya ci bashin ta hanyar da ba ta dace ba. Kantin Kwari cike take da masu fitar da zakka mai yawa. Kunya ce take hana mutum faɗa wa abokan kasuwancinsa halin da yake ciki, sai ya gwammace ya faɗa wa baƙon da dillali ya kawo.

Malamin Tattali ya amsa:

Domin kada a ɗauka wannan dabara a Kano aka ƙirƙiro ta, an yi irinta sosai a Amurka lokacin rikicin bashin gidaje na 2007 zuwa 2008. A can an riƙa ba masu ƙaramin ƙarfi bashin gida wanda ruwansa yake da sauƙi a shekara biyu ko uku na farko, daga nan ya yi tsalle, kuma da farashin gidaje ya faɗi miliyoyin iyalai suka rasa matsuguninsu. Da yake ana bayyana sanarwar ƙwace gida a bainar jama'a, 'yan damfara suka riƙa bin sunayen suna ƙwanƙwasa ƙofa da sunan masu ceto, kuma hanyoyinsu su ne waɗannan biyun da aka kawo wa yayanka: a karɓi kuɗin aiki tun kafin a yi komai tare da cewa kada a kula bankin, ko a karɓi takardar mallaka a mayar da mai gida ɗan haya da alƙawarin zai fansa. Abin ya yi yawa har hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar ƙasar ta fitar da ƙa'ida a 2010 wadda ta hana kamfanonin da ke da'awar sasanta bashin gida karɓar kuɗi kafin mai gida ya ga tayin bankinsa a rubuce ya amince da shi. Wannan ƙa'ida tasu ce, ba ta aiki a nan, amma ma'auninta yana da amfani ga kowa: kada a biya mai shiga tsakani sai an ga takardar banki. Ya kuma kamata ku tambayi kanku yadda mutanen nan biyu suka san adadin bashin, domin wanda ya kai musu labarin yana da kaso a cikin abin da za a samu.

Ɗan Gwammaja ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa yaya amsoshinku, kuma ya yarda ba zai sa hannu ba, za mu je bankin da wasiƙa. Sai dai ya ce ko an tsawaita wa'adin ba ya jin shagon zai iya ɗauka a halin da kasuwa take ciki. Barista, idan ya yanke shawarar sayar da gidan da kansa, hakan zai yiwu alhali takardar tana hannun banki? Kuma yaya za a yi kada a faɗa hannun wasu a wajen sayarwar?

Barista Ummu Sadiƙ ta amsa:

Zai yiwu, Malam, kuma a ganina idan lissafi ya nuna shagon ba zai iya ba, wannan ita ce hanyar da ta fi kare dukiyarsa, duk da na san ɗacin fitar da mahaifiya daga gidan da ta saba. Wanda ya sayar da kansa yana da damar jiran mai saye na gaskiya, gwanjo kuwa ba ya jira. Ya rubuta wa bankin cewa yana neman izinin sayarwa da wa'adin wata uku zuwa shida, su ba shi adadin da za su karɓa a rubuce tare da ranar da adadin zai daina aiki, su kuma yi alƙawari a rubuce cewa za su saki takardar gidan da takardar warware jingina da zarar kuɗin ya shiga. Kafin a sa farashi a samu ƙwararren mai ƙiyasta darajar gidaje mai rajista ya duba, kada a tsaya a kan bakin dillali ɗaya, musamman wanda ya kawo Alhajin, kuma a yanke la'ada tun farko a rubuta.

Ranar ciniki a zauna a cikin bankin, da lauyan yayanka da na mai saye. Mai saye ya tura kason bankin kai tsaye cikin asusun bashin, ragowar kuma cikin asusun yayanka, a jira a ga kuɗin ya zauna kafin a sa hannu, kada a karɓi cek ko hoton shaidar tura kuɗi a waya a matsayin biya. Kada ya sa hannu a farar takarda ko wadda aka bar gurbin farashi ko na suna, kuma idan Turancin takardar ya yi masa nauyi, lauyansa ne zai karanta ya fassara masa, ba na mai saye ba. A rubuta wa'adin tashi a cikin yarjejeniyar, domin iyali su samu lokacin neman wani wuri. Idan kuma za a sayi ƙaramin gida da ragowar, a yi masa binciken da mai saye zai yi wa naku, domin yawancin gidajen awon igiya takardar mai unguwa kaɗai gare su, kuma ana samun gida ɗaya da aka sayar wa mutum biyu. Saƙonnin da wakilin nan na farko ya turo, da lambar asusun da ya bayar, kada a goge su, a kai su ofishin EFCC na Kano ko wurin 'yan sanda tare da ƙorafi a rubuce.